Mun kai waldar da ta ishe mu wajen masu auna gajiyar ƙarfe, ga yadda muka kwashe da su

Tun kwanaki abokan aiki ke damuna da tambaya a kan kamfanin nan da muka kira suka duba mana shaf ɗin injin gauraya da yake ta tsagewa a wajen walda, irin tsagar nan ta gajiyar ƙarfe da ke zuwa in nauyi yana ta hawa yana sauka a kansa, wai aikinsu ya yi amfani kuwa ko dai rahoto ne kawai mai hotuna kala-kala. To bari in zauna in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Sunansu kam ba zan kama ba, don akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan taɓa su. In tauraro ake bayarwa zan ba su huɗu cikin biyar, kuma ɗayan da na riƙe da dalili na riƙe shi.

Injin dai shaf ɗinsa a kwance yake, bututu ne mai kauri da fuka-fukai a jiki suna juya kaya mai danƙo a cikin kwami, a ƙarshensa an yi masa walda da filanji, farantin nan zagayayye mai ramukan noti da ake ɗaurewa a giyabos. A wannan haɗin ne yake tsagewa. Sau uku muna gyarawa. Na farko muka ce ai walda ce ba ta kama ba, aka sake. Na biyu muka ce a ƙara mata kauri, aka zuba mata har ta yi tudu. Na uku ni da kaina na ce a canja ƙarfen gaba ɗaya, daga ƙarfe mai lamba S355 muka koma S690 wai mai ƙarfi kusan ninki biyu, ina ta jin kaina na warware matsala, wallahi ko wata uku bai yi ba layin nan ya sake fitowa a daidai inda ya saba fitowa kamar an sa masa alama.

Dattijon da ke mana walda, Baba muke ce masa, tun gyara na biyu yake cewa "Oga ni fa waldata ba ta karyewa, duba da kyau, gefenta ne ke tsagewa." Na ɗauka kare kansa yake. Ashe a cikinmu duka shi ne ya fi kusa da gaskiya.

Abin farko da ya burge ni da mutanen nan, ba su fara da kwamfuta ba. Ni na zata zan tura zane su tura amsa. Injiniyar da ke jagorantar aikin, mace ce mai ƙarancin magana, cewa ta yi a fara nuna mata tsohon shaf ɗin da muka yar a bayan wakshof. Aka jawo shi duk tsatsa, ta sa aka goge, aka fesa farin fenti, aka kafa maganaɗisu mai ƙafa biyu a kan haɗin aka yayyafa baƙin ruwan nan mai garin ƙarfe, sai ga ƙananan layuka baƙaƙe suna fitowa a bakin waldar kamar an ja da biro, ba ɗaya ba, wajen guda biyar a zagayen bututun, mu kuma babba ɗaya kawai muke gani da ido. Da aka yanka aka buɗe fuskar tsagar sai ta kira ni ta ce injiniya zo ka gani. Wani ɓangare sumul yake da layuka masu lanƙwasa jere a bayan juna irin wanda ruwa ke bari a yashi in ya ja baya, wannan shi ne inda tsagar ta yi ta tafiya a hankali, kowane layi wani tsayawa ne ko tashin injin ko canjin nauyi. Ɗaya ɓangaren kaushi gare shi, shi ne inda ragowar ƙarfen ya kasa ya ɓalle lokaci guda. Sannan ta nuna min cewa tsagar ta fara bin bakin walda ne a miƙe, daga baya ta karkace ta hau jikin bututu a gicciye, kusan digiri 45. Ta ce lanƙwasa kaɗai ba ta yin wannan, akwai hannun murɗa a ciki.

Nan ne fa lissafina ya fara zubewa a gabana. Ba zan sa ainihin lambobinmu ba amma mu ɗauka sitires ɗin lanƙwasa, wato ƙarfin ja ko matsin da jikin ƙarfen ke sha, 50 MPa ne, MPa ɗin shi ne ma'auninsa. Ni da na ga 50 na ga ƙarfen yana ɗaukar 355 kafin ya saki, lambar nan da ke cikin sunan S355, sai na ce ai muna da rara har ninki bakwai, me za a ji. Kuskure na farko, shaf yana juyawa, wurin da ke sama ana jansa yanzu, rabin juyi kaɗan yana ƙasa ana matse shi, ke nan daga ƙari 50 zuwa ragi 50, tazarar 100 ce ba 50 ba, kuma gajiyar walda tazara take kallo. Ba ruwanta da cewa rabin zagayen matsi ne, saboda walda in ta huce tana barin nata sitires ɗin a jiki wanda kan kai kusan iyakar ƙarfen, don haka duk tazarar ake ƙirgawa. Kuskure na biyu, ƙarfin ƙarfen da nake taƙama da shi ba ya shiga lissafin sam matuƙar waldar tana nan yadda aka yi ta ba a gyara bakinta ba. S355 da S690 aji ɗaya ake ba su, don dama a bakin walda akwai ƙananan lahani da kusurwa mai kaifi tun ranar da aka yi ta, tsagar ba sai ta sha wahalar farawa ba, girma kawai take yi, kuma saurin girman tsaga a ƙarafan gini kusan ɗaya ne. Na ji kunya gaskiya, kuɗin S690 ɗin nan a banza muka zubar.

Ajin da nake faɗa shi ne abin da ƙungiyar walda ta duniya IIW ke kira FAT, a Eurocode 3, ƙa'idar ginin ƙarfe ta Turai, kashi na 1-9 ma irin tsarin ne. In an ce haɗi FAT 80 ne, ana nufin zai jure tazarar 80 MPa har zagaye miliyan 2, kowane hawa da saukar nauyi zagaye ɗaya. Muguntar tana wajen cewa dangantakar ba ɗaya da ɗaya ba ce, lambar ake ninkawa da kanta sau uku. Ka sa wa FAT 80 tazarar 100, rayuwarsa ta sauko wajen miliyan 1. Ka sa masa 160, wato ninki biyu na ajinsa, ba rabi zai ragu ba, kashi ɗaya cikin takwas zai rage, zagaye 250,000 kacal. Kuma miliyan 2 ɗin da ke da girma a baki ba komai ba ne ga abin da ke juyawa, shaf mai juyi 60 a minti yana yin 3,600 a awa, cikin awa 556 ya cinye miliyan 2, in ana aiki awa 8 a rana kwana 70 ke nan. Da ta rubuta min wannan a bayan takarda sai na tuna wata ukun da shaf ɗinmu ke yi kafin ya tsage, na yi shiru.

Amma ainihin abin da ya sa nake cewa kiran nasu ya yi rana shi ne awon da suka yi a kan injin yana aiki. Sun manna ƴan gejin nan na auna miƙewar ƙarfe, ƙanana kamar farce, a kusa da waldar. Wasu a jere suna fuskantar bakin walda, ɗaya a nisan 0.4 na kaurin ƙarfen ɗaya a nisan kauri guda, wato in kaurin milimita 10 ne to milimita 4 da milimita 10, daga nan ake jan layi a gano sitires ɗin da ke daidai bakin, tunda geji ba ya zama a kan kusurwar kanta. Wasu kuma masu kai uku ne, a miƙe da digiri 45 da 90, su ne ke raba lanƙwasa da murɗa. Da yake shaf juyawa yake ba a iya jan waya, wani ɗan akwati suka ɗaure a jiki yana turo karatu ta iska zuwa laftof. Yaron da ya yi mannin ya kai kusan awa biyu yana gogewa da wanke wurin da bai fi tafin hannu ba, Baba yana tsaye yana kallonsa yana cewa wannan yaro ko mai gyaran agogo albarka.

Kwana biyu suna ɗauka. Da aka buɗe zanen a allo, layin lanƙwasa yana hawa yana sauka a tsare, juyi ɗaya zagaye ɗaya. Layin murɗa kuwa nasa daban, yana zabura duk sanda fiffike ya nutsa cikin kaya, sau da yawa a juyi guda, ga wata babbar zabura duk lokacin da aka tada injin da kaya a ciki, abin da masu aikin dare ke yi kullum ashe, ba wanda ya taɓa gaya min. Su biyun ba sa kai ƙololuwa tare. Wannan ta kai sama waccan tana tsakiya, waccan ta kai wannan ta sauka.

Ni a tunanina ai wannan sauƙi ne, tunda ba su taru sun danne shi lokaci ɗaya ba. Ta ce a ƙarfen walda akasin haka ne. In lanƙwasa da murɗa suna tashi tare suna sauka tare, alkiblar da ake jan ƙarfen ɗaya ce ba ta canjawa, za ka iya haɗa su ka fitar da lamba ɗaya ka yi aiki da ita. In kuwa sun saɓa, alkiblar juyawa take a cikin kowane zagaye, ana jan bakin waldar ta nan a ja shi ta can, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan bututu da filanji na ƙarfe sun nuna rayuwar raguwa take ba ƙaruwa ba. Matsalar ita ce lissafin da muka saba, na von Mises ko na babban sitires, hanyoyin da ake haɗa lanƙwasa da murɗa su zama lamba ɗaya, in ka bi shi ido rufe sai ya nuna maka cewa saɓanin ma taimako ne. Ka ga lissafi yana cewa lafiya lau, ƙarfe yana cewa ban yarda ba.

Wani abin da na yaba, ba su ɓoye min cewa ƙa'idojin kansu ba su daidaita a nan ba. Sun yi lissafin ta hanya biyu suka ajiye gefe da gefe. A IIW kana ɗaukar tazarar lanƙwasa ka raba da abin da haɗin ke iya jurewa ka ninka da kanta, ka yi haka da ta murɗa, ka tara, irin tsarin Gough da Pollard. In suna tafiya tare jimillar kada ta wuce 1, in sun saɓa a ƙarfe kada ta wuce 0.5. A Eurocode 3 kuwa ta lanƙwasa ana ninka ta da kanta sau uku, ta murɗa sau biyar, jimilla kada ta wuce 1, kuma babu wannan ragin na saɓani. Gwada da kanka, a ce a zagaye miliyan 2 kowacce ta ci 0.6 na abin da aka yarda mata. A Eurocode 0.216 da 0.078, bai ma kai 0.3 ba, ka wuce da gudu. A IIW 0.36 da 0.36, 0.72 ke nan, in tare suke ka tsira, in sun saɓa ka faɗi. Haɗi ɗaya, nauyi ɗaya, amsa biyu. Ta ce ita IIW za ta bi a namu, kuma ba sai ta yi dogon bayani ba tunda ga tsohon shaf a bayan wakshof yana ba da shaida.

Zaburar murɗa da ba ta da tsari kuma da hanyar ƙirgar nan ta ruwan sama suka tsara ta, wadda Matsuishi da Endo na Japan suka kawo a 1968, tana tsinto zagaye manya da ƙanana daga cikin zanen da ya hargitse. Sannan a tara ɓarnar kowanne da ƙa'idar Palmgren da Miner, shi Miner a 1945 ya fitar da tasa, kowane zagaye yana cin ɗan kasonsa na rayuwar haɗin har a cinye. A takarda sai jimilla ta kai 1 ake cewa ya ƙare, amma IIW ta ce in nauyi yana canjawa a tsaya a 0.5, su ma a nan suka tsaya.

To yanzu inda suka ɓata min rai. Rahoton da aka ce mako biyu sai da ya haura wata, kuma injin muna ta lallaɓa shi da rabin kaya, in na kira a ce ana dubawa, in na sake kira a ce oga bai sa hannu ba. Da ya zo kuma shafi fiye da sittin, shawarar da nake nema tana can shafi na arba'in da wani abu a ƙarƙashin wani tebur. Haba don Allah, mai injin da ke jiran gyara ai shafin farko yake so ya ga an ce yi kaza bar kaza. Sai da na zauna dare biyu na tsamo abin da zan iya karanta wa Baba da yaransa.

Na biyu, a zubin farko na kwamfuta kaurin bututun da ke kan zane suka sa, alhali wanda aka sayo aka ɗora ya fi shi siriri kaɗan. Ni na lura, don lambar kwamfuta da ta geji sun ƙi haɗuwa. Sun amsa kuskuren ba gardama sun sake, amma abin da ya ba ni haushi shi ne na'urar auna kauri tana cikin jakarsu ranar da suka zo, minti biyar ne aikin. A lissafin da komai ake ninkawa sau uku, kuskuren kashi 10 a sitires ya fi kashi 30 a ɓarna.

Na uku, yadda suka rubuta rayuwar haɗin, lamba doguwa har zuwa zagayen ƙarshe kamar lambar waya, alhali su da bakinsu sun ce min ka yi haɗi goma iri ɗaya da mai walda ɗaya ka gwada, wani zai iya ninka wani sau da yawa, shi ya sa ma layukan ƙa'ida ake jansu can ƙasa da matsakaici, a ƙa'idar Birtaniya BS 7608 misali layin zane yana barin kashi 97.7 su tsira. In haka ne a rubuta min daga kaza zuwa kaza mana. Manaja da ya ga lambar nan sai ya ɗauke ta kamar ranar ƙarewar magani, ya fara lissafa ranar da zai sayi sabon shaf, na sha wahala kafin na fahimtar da shi.

Akwai kuma wani ƙaramin injiniyansu da ya so ya raina Baba, yana nuna masa jan wuri a hoton kwamfuta yana cewa ga waldarka nan ta yi ja. Ita shugabar ce ta tsawatar masa a gabanmu, ta ce wannan jan ba shaida ba ne, a kusurwa mai kaifi duk yadda ka ƙanƙanta ragar lissafi lambar hawa za ta yi ta yi ba iyaka, shi ya sa ake karantawa daga nesa a ja layi, ko a zagaye kusurwar da milimita 1 a gwada da FAT 225. Sannan ta juya ta ce Baba waldarka ba ta da laifi, wurin da aka sa ka yi ta ne da laifi. Ranar Baba har bakin mota ya raka su.

A hira take ba mu labarin dandamalin Alexander Kielland da ya kife a Tekun Arewa ranar 27 ga Maris 1980, mutum 123 suka mutu, kuma asalin abin ƴar walda ce ta milimita 6 da aka riƙe mazaunin wata na'urar sauraren sauti da ita a jikin ɗaya daga cikin bututun da ke ɗaure ƙafafun dandamalin, abin da ba ya ɗaukar nauyin komai. Tun daga ranar na hana yaranmu ɗiga walda a jikin shaf don riƙe waya ko murfi, abin da da ko kallo ba na yi.

Gyaran da suka bayar bai da wani sihiri. A ƙara faɗin bututun a wajen haɗin don tazarar ta sauko sosai, tunda abin da ke juyi miliyoyi a shekara ba a tsara shi a kan miliyan 2, FAT 80 a zagaye miliyan 10 wajen 47 MPa kawai yake ɗauka a lissafin IIW. A matso da boris kusa da filanji lanƙwasa ta ragu. A sassaƙe bakin bututun a yi walda mai ratsawa har ciki maimakon wadda muke liƙawa a kusurwa, don in ka gyara baki ka bar gindin walda a buɗe to tsagar komawa ciki za ta yi inda ba ka gani, kuma can ajin ya fi ƙasa nesa ba kusa ba, FAT 36 ne. Bayan nan a bi bakin waldar da ɗan kan giranda mai zagayayyen baki a cire kaifin, a nutsa aƙalla rabin milimita ƙasa da duk wani lahani da ake gani, IIW tana ba wannan ƙarin 1.3 a kan tazara, wanda in ka ninka shi da kansa sau uku ya haura ninki biyu a rayuwa. Sun ja kunne kada a yi da faifan giranda a bar zane yana bin layin walda, wannan ai tsaga ka fara wa kanka da hannunka. Sai na'urar tada mota a hankali, da dokar cewa ba a tada injin da kwami cike.

Tudun waldar nan da muka zuba a gyara na biyu kuwa, cewa suka yi ƙara kaifin kusurwa ya yi, gara ma ta farko.

Wanda abin nasa ƙofa ce ko tebur ko duk abin da nauyi ke zaune a kai ba motsi, ba ya buƙatar mutanen nan, kada ya wahalar da kansa. Amma in kana da haɗin da ake lanƙwasawa ana murɗawa kuma ya tsage maka sau biyu a wuri ɗaya, kira irinsu, sai dai tun kafin a fara ka sa a rubuce cewa za su auna a kan injin yana aiki har da lokacin tadawa da tsayarwa, za su auna kauri da hannunsu, za su faɗi ƙa'idar da suka bi da yadda suka yi da saɓanin lanƙwasa da murɗa, kuma za su ba ka ɗanyen karatun geji ba hotonsa kawai ba. Wannan na ƙarshen ni ban sa ba.

Sabon shaf ɗin yanzu ya wuce lokacin da gyare-gyaren nan uku suka yi in an haɗa su, duk ƙarshen wata Baba yana goge haɗin ya fesa jan ruwan gwaji ya share ya fesa fari mu tsaya muna kallo, har yau farin bai nuna ja ba. Fayil ɗin karatun geji kuwa sau huɗu ina tura saƙo, jiya aka ce min wanda yake riƙe da shi ya tafi hutu.